Baba Alauddin Khan, makaɗin Maihar

1. Kiɗan gado na ƙasar Indiya

Indiya babbar ƙasa ce a nahiyar Asiya, can gabas da ƙasar Makka, a ƙetaren teku. Mutanenta suna da yawa ƙwarai, harsunansu da addinansu iri-iri ne. Mafi yawansu ƴan addinin Hindu ne, amma akwai Musulmi miliyoyi da yawa a cikinsu. Duk wanda ya taɓa kallon silman Indiya ya ji waƙoƙinsu, ya ga rawarsu. Amma ban da kiɗan silma, suna da wani tsohon kiɗa na gado, wanda a da sai a fadar sarakuna da gidajen manya a ke jin sa.

Wannan kiɗa yana tafiya bisa wani tsari da a ke kira raga. Muryoyin asali 7 ne, kowace da sunanta: sa, re, ga, ma, pa, da, ni. Raga ita ce hanyar da makaɗi zai bi cikin muryoyin nan: yadda zai hau, yadda zai sauko, inda zai daɗe, da inda zai ratsa ya wuce. Kowace raga da lokacinta. Akwai ta asuba, akwai ta tsakar rana, akwai ta almuru, akwai ta tsakar dare, har da ta damana. Gwanin makaɗi ya kan yi awa guda cur cikin raga ɗaya, yana ta fito da salo iri-iri.

Ba a littafi a ke koyon wannan kiɗa ba. Malami ya kaɗa, almajiri ya saurara ya maimaita, yau da gobe har abin ya zamna masa a ka da yatsu. Kamar yadda a ƙasar Hausa ɗan makaɗin fada ya ke gadon taushi ko kotso wurin ubansa, haka a Indiya a da kiɗa gadon gida ne. A zamanin da kuwa manyan makaɗa suna da rowar sani. Asirin sana'arsu sai ɗan cikinsu ko surukinsu. Baƙo ya kan yi shekara da shekaru yana yi musu bara, bai samu abin kirki ba. In kuma gwani ya mutu ba magaji, sai a bizne shi da saninsa.

A cikin wannan hali aka haifi wani yaro ɗan ƙauye, wanda bai fito daga gidan manyan makaɗa ba. Sunansa Alauddin Khan.

2. Yaron da ya gudu daga gida

An haife shi wajen shekara ta 1862 a ƙauyen Shibpur, cikin yankin Bengal, ƙasar koguna da shinkafa da kifi. A lokacin Turawan Ingila ke mulkin Indiya. Yau ƙauyen yana cikin ƙasar Bangaladash, a yankin Brahmanbariya. Iyayensa Musulmi ne. Ubansa, Sabdar Husaini Khan, mutum ne mai son kiɗa, ya kan taɓa sitar don jin daɗin kansa. Wansa, Aftabuddin, gwanin sarewa ne da tabla, wato wasu ƴan ganguna biyu da a ke kaɗawa da yatsu. Wurin wan nan nasa Alauddin ya fara buɗe kunne.

An sa shi makaranta, amma hankalinsa ba ya can. In ya fito da safe, sai ya ratse hanya, ya tafi inda masu kiɗa ke taruwa, ya samu wuri ya zamna yana saurare har rana ta yi. Da uwarsa ta samu labari, ta yi masa horo mai tsanani. Horon bai yi magani ba.

Yana da shekara kamar 10, ya sulale ya bar gida. Ya bi wata ƙungiyar ƴan wasan kwaikwayo masu yawo gari-gari, irin waɗanda mutanen Bengal ke kira jatra. Cikinsu ya koyi waƙoƙin ƙauye da kiɗan ganguna. Danginsa suka yi ta cigiya har suka gano shi, suka maido shi gida. Bai daɗe ba ya sāke gudu. Wannan karo birnin Kalkata ya nufa.

3. Yunwa a Kalkata

A wancan zamani Kalkata ce babban birnin Indiya. Yaro ya isa bai san kowa ba. Ɗan guzurin da ya zo da shi aka sace. Sau ɗaya ya ke cin abinci a yini, shi ma na sadaka. Da dare ya kwanta a bakin wani ɗakin shan magani. Duk da haka bai yi tunanin komawa gida ba. Malami ya ke nema.

Daga baya aka haɗa shi da wani babban mawaƙi ɗan Hindu, mai suna Gopal Krishna Bhattacharya, wanda aka fi sani da Nulo Gopal. Malamin ya kafa masa sharaɗi mai nauyi: zai yi shekara 12 yana gyaran murya, hawa da sauka cikin muryoyin nan, kafin a ba shi manyan waƙoƙi. Yaro ya yarda. Ya yi shekara 7 a kan haka, kullum abu guda, bai gaji ba.

Ana nan sai danginsa suka ji inda ya ke. Suka lallashe shi ya zo gida, suka yi masa aure da wata yarinya mai suna Madina, don su ɗaure masa ƙafa. An gama buki ke nan, ango ya bi dare ya koma Kalkata. Da isarsa sai ya iske annoba ta shiga gari, malaminsa ya rasu.

Abin ya girgiza shi ƙwarai. Ya ajiye waƙa, ya koma ga kayan kiɗa. Wurin Habu Datta, shugaban makaɗan wani gidan wasan kwaikwayo, ya koyi kayan kiɗa iri-iri. Wurin wani mai suna Lobo, mutumin Gowa, ya koyi gogen Turawa da yadda su ke rubuta kiɗansu a takarda. Ya koyi algaitar Indiya, ya ƙware a ganguna. Ya samu aiki a gidan wasa, ana biyan sa ɗan abin da zai ci. Har ya fara ganin ya kai gwani.

4. Ranar da ya ji sarod

Wata rana ya tafi garin Muktagaca, gidan wani babban attajiri mai filaye, don ya gwada gwanintarsa. Can ya iske wani makaɗi mai suna Ahmad Ali Khan yana kaɗa sarod. Alauddin ya tsaya ya yi tsit. Kafin mutumin ya gama, ya gane duk abin da ya tara bai kai ko ƙofar wannan ba. Ya faɗi gabansa, ya roƙi ya karɓe shi almajiri.

Sarod ɗan'uwan molo ne da garaya, amma ya fi su girma da nauyi. Daga icce guda a ke sassaƙa shi. A rufe cikinsa da fatar akuya, a shimfiɗa farin ƙarfe mai santsi a wuyansa. Tsirkiyoyinsa na ƙarfe ne. Da ɗan ɓallin ɓawon kwakwa a ke kaɗa su, yatsun ɗaya hannun kuma suna zamiya bisa ƙarfen. Wuyan ba shi da wata alama da za ta gwada wa makaɗi inda zai danna. Kunnensa ne jagoransa. In ya kauce ko da faɗin gashi, murya ta ɓaci.

Alauddin ya yi shekaru yana bin Ahmad Ali. Shi ne dafa abinci, shi ne ɗaukar kaya, shi ne kaɗa masa tabla a wurin wasa. Darasi kuwa sai kaɗan-kaɗan. Saboda haka sai ya riƙa kasa kunne in maigida yana kiɗa, in ya fita shi kuma ya ɗauki sarod ya maimaita a ɓoye. A ƙarshe tafiya ta kai su garin Rampur, inda iyayen Ahmad Ali su ke.

5. Ƙofar Rampur

Rampur tana arewacin Indiya. Sarkinta, Hamid Ali Khan, ya tara makaɗa da mawaƙa da yawa a fadarsa. Babbansu shi ne Wazir Khan, malamin sarkin kansa. Wazir Khan ya fito daga zuriyar Tansen, shahararren mawaƙin fadar Sarki Akbar, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605. A gidansa asirin kiɗan nan ya ke ajiye.

Alauddin ya yi wata da watanni yana zarya a ƙofar gidan Wazir Khan, masu tsaro suna korar sa. Kuɗɗinsa suka ƙare. An ba da labari cewa ya yanke ƙauna, har ya yi niyyar halaka kansa. Ya shiga masallaci don ya yi sallarsa ta ƙarshe. Wani malami ya ga yana hawaye, ya tambaye shi dalili. Da ya ji, sai ya yi masa nasiha, ya tuna masa girman zunubin abin da ya ke shirin yi. Sannan ya rubuta masa takardar koke zuwa ga sarki.

Ran da sarki ya fito, Alauddin ya faɗa gaban ayarinsa da takarda a hannu. Dogarai suka cafke shi. Sarki ya sa aka karanta takardar, ya ce a kai shi fada. Aka kawo sarod ya kaɗa, aka kawo goge ya goga, aka kawo ganguna ya buga. Sarki ya yi mamaki. Ya kira Wazir Khan, ya danƙa masa shi.

Wahala ba ta ƙare nan ba. Wazir Khan ya karɓe shi don kunyar sarki, amma fiye da shekara 2 bai koya masa kome ba. Alauddin ya yi ta hidima, yana tsintar sani wurin sauran makaɗan garin. Ana nan sai wayar tangaraho ta zo daga Bengal, cewa matar da ya bari tun ranar buki tana cikin mugun hali saboda baƙin ciki. Wazir Khan ya ji labari. A ranar ya san abin da wannan baƙo ya bari a baya saboda kiɗa. Jikinsa ya yi sanyi. Daga nan ya buɗe masa taskarsa, ya koya masa kamar ɗan cikinsa. Abu ɗaya ya keɓe: wani abin kiɗa mai suna bin, wanda ya ke na zuriyarsu kaɗai.

Mai haƙuri ya kan dafa dutse. Alauddin ya fita Rampur da sanin da ba kasafai baƙo ke samu ba.

6. Marayun Maihar

A shekara ta 1918 ya zama makaɗin fadar Maihar, wata ƙaramar masarauta a tsakiyar Indiya, cikin jahar da a ke kira Madhya Pradesh yau. Sarkin garin, Brijnath Singh, ɗan Hindu ne, kuma shi kansa ya zama almajirinsa. Alauddin ya ɗauko matarsa Madina, suka zamna. Gidan da ya gina, sunanta ya sa masa: Madina Bhawan, wato gidan Madina. Mutanen gari suka riƙa kiran sa Baba. Sunan da ya bi shi ke nan har ya mutu.

A wajen lokacin nan annoba ta auka wa yankin, ta bar yara da yawa ba uwa ba uba. Baba ya tuna kwanan da ya yi a bakin ɗakin magani da yunwa a cikinsa. Ya tattaro marayun. Madina tana kula da cinsu da shansu, shi kuma yana koya musu kiɗa. Ya duba kowane yaro, ya ba shi abin kiɗan da ya dace da hannunsa: wannan sitar, wannan goge, wancan sarewa, wancan tabla.

Kayan kiɗa ba su isa ba, sai ya shiga ƙirƙira. A fada akwai tsofaffin bindigogi da aka daina aiki da su. Baba ya sa aka yanke bututunsu, wani dogo, wani gajere, aka jera su. In an buga, kowane da muryarsa: dogo ya yi kauri, gajere ya yi zaƙi. Aka sa wa abin suna nal tarang. Da haka aka kafa ƙungiyar makaɗan Maihar. A da kiɗan raga na mutum ɗaya ne da masu raka shi. Baba ya shirya shi yadda yara da yawa za su kaɗa tare. Yaran da aka yi zaton za su ƙare a bara suka tashi da sana'a a hannu.

7. Malami mai zafin rai

Baba bai yi rowar abin da ya sha wuya ya samo ba. Duk wanda ya zo da niyyar gaskiya ya kan karɓe shi, Musulmi ko ɗan Hindu, ɗan gidan makaɗa ko ɗan talaka. Abin da ya ke nema wurin almajiri shi ne ladabi da naci.

Amma fa zama da shi sai mai jimiri. Tun kafin asuba a ke tashi. Mutum ne mai saurin fushi. Kuskure kaɗan ya kan sa ya yi tsawa, wani lokaci har da duka. Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne ɗansa, Ali Akbar, wanda aka haifa a 1922. Tun yana ɗan ƙarami aka fara shi da waƙa, sannan ganguna, sannan sarod. Akwai lokacin da ya kan yi awa 18 a yini yana maimaici. Almajiran Baba da kansu sun ba da labarin wannan zafi nasa, ba su ɓoye ba. Sun kuma ce in fushin ya sauka, ba wanda ya kai shi tausayi.

Wata baiwa da Allah ya ba shi ita ce sanin hannun kowane almajiri. Ba ya tilasta wa kowa ya zama kamarsa. Ga Ravi Shankar, ga Nikhil Banerji: duka biyu sitar suka koya a gidansa, amma mai saurare ya kan rarrabe kiɗansu nan da nan. Pannalal Ghosh kuwa sarewa ya ke busa, shi ma wurin Baba ya ƙara sani.

Bai tsaya ga koyarwa kaɗai ba. Shi da ƙanensa Ayet Ali Khan, gwanin sassaƙa kayan kiɗa, suka gyara siffar sarod, suka ƙara masa tsirkiyoyi. Irin nasu yana da tsirkiya 25. Kaɗan daga ciki a ke kaɗawa. Guda 15 ba a taɓa su, su da kansu su ke amsawa in ƴan'uwansu sun yi ƙara. Ya kuma tsara sababbin raga, kamar Hemant, da wata Madanmanjari wadda ya yi don girmama matar da ta daɗe tana jiran sa.

8. Ɗiyar da ta koya a ɓoye

Baba yana da wata ɗiya mai suna Jahanara. Ya koya mata waƙa, ta iya. Da aka yi mata aure, sai aka iske gidan mijin ba su son kiɗa. Uwar mijin ta ɗauki abin kiɗanta ta ƙone. Jahanara ba ta ji daɗin zaman ba, kuma ba ta yi tsawon rai ba. Baba ya ga kamar shi ya jawo mata. Ya ƙudura ba zai ƙara koya wa ɗiya mace kiɗa ba.

Autarsa Roshanara, an haife ta a 1927. Sarkin Maihar ya sa mata suna Annapurna, da shi aka san ta. In ana koya wa wanta Ali Akbar, ita tana gefe tana wasa, ashe kunnenta na wurin. Wata rana Baba ya fita, ya dawo ba zato. Daga ƙofa ya ji Ali Akbar ya yi kuskure, ƙanwarsa tana gyara masa, tana rera darasin daidai ba tuntuɓe. Yarinya ta waiwaya ta ga ubanta, ta tsorata. Baba bai yi faɗa ba. Ya kira ta ɗaki, ya fara koya mata.

Daga baya ya ba ta surbahar, wato babban sitar mai kaurin murya, mai wuyar sarrafawa. Ta ƙware ƙwarai, har masana suna lasafta ta cikin manyan magadansa.

9. Ɗan rawa daga Paris

A 1935 wani shahararren mai rawa, Uday Shankar, ya gayyaci Baba ya bi ƙungiyarsa yawon wasa a ƙasashen Turai. Cikin ƙungiyar akwai ƙanen Uday, mai suna Ravi, ɗan shekara 15. An haife shi a Banaras a 1920, amma ya yi shekaru a Paris, babban birnin Faransa. Ya saba da kwat da otal da tafi. Yana rawa, yana taɓa sitar, yana taɓa sarewa, ko'ina da ɗan hannunsa. Ubansa bai daɗe da rasuwa ba. Ran da za su shiga jirgin ruwa a Bombai, uwarsa ta kama hannunsa ta sa cikin na Baba, ta ba shi amanarsa.

A hanya Baba ya fara koya masa. Ya kuma gaya masa gaskiya, cewa mai taɓa nan ya taɓa can ba ya zama gwani. In da gaske ya ke, ya bar duniyar nan tasa, ya same shi a Maihar.

Ravi ya yi ta juya maganar a ransa. A 1938 ya aske kansa, ya sa tufafi marasa ado, ya sauka Maihar. Aka ba shi ɗaki kusa da gidan Baba, ga sauro, ga kunamu, ga macizai. Wata rana Baba ya yi masa gori mai zafi a kan raunin hannunsa. Ravi ya ɗaure kayansa zai tafi tashar jirgin ƙasa. Ali Akbar ya bi shi ya ba shi haƙuri, ya maido shi. Da Baba ya gan shi sai ya fashe da kuka, ya tuna masa amanar da uwarsa ta ba shi. Ravi ya kwance kaya. Ya zamna har 1944. A 1941 ya auri Annapurna, ko da ya ke daga baya sun rabu.

10. Tsufa da rasuwa

A 1947 Indiya ta samu ƴancin kai, aka raba ƙasar biyu, Indiya da Pakistan. An zubar da jini mai yawa tsakanin Musulmi da ƴan Hindu. Ƙauyen su Baba ya faɗa cikin Pakistan ta Gabas, amma shi ya ci gaba da zama a Maihar. Musulmi ne mai riƙo da salla. Yana kuma zaman lafiya da ƴan Hindu, har ya kan hau dutsen da ke bayan gari, inda ɗakin ibadarsu na Sharda ya ke, mai matakala fiye da 1000.

Bayan ƴancin kai mulkin sarakuna ya ƙare, makaɗan fada suka rasa majingina. Kiɗan raga ya koma gidan rediyo, da faifan garmaho, da manyan zaurukan taro. A nan amfanin aikin Baba ya fito fili, don almajiransa suna cikin waɗanda suka ɗauki kiɗan suka kai shi gaban jama'a. A 1955 ya kafa makarantar kiɗa a Maihar. Gwamnatin Indiya ta ba shi lambar girma ta Padma Bhushan a 1958, da wadda ta fi ta, Padma Vibhushan, a 1971. Duk da haka bai canza zamansa ba: tufafi marasa tsada, abinci kaɗan, aiki kullum.

Ya rasu ranar 6 ga watan satumba 1972, da tsufa ƙwarai. Musulmi da ƴan Hindu suka taru wurin jana'izarsa. Kabarinsa yana cikin gidansa, Madina Bhawan.

11. Abin da ya bari

A 1955 Ali Akbar Khan ya tafi Amurka, ya kaɗa sarod a birnin New York. Ya buɗe makarantar kiɗa a Kalkata a 1956, ya buɗe wata a Kalifoniya a 1967, da reshe a garin Basel na ƙasar Suwis a 1985. Ya rasu a 2009.

Ravi Shankar ya shugabanci makaɗan gidan rediyon Indiya daga 1949 zuwa 1956. Daga nan ya zaga duniya da sitar. George Harrison, na ƙungiyar mawaƙan Ingila da a ke kira Beatles, wurinsa ya koya. A 1971 yaƙi ya ɓarke a Pakistan ta Gabas, wadda ta zama Bangaladash, mutane miliyoyi suka yi gudun hijira. Ranar 1 ga watan agusta na shekarar aka yi babban wasa a New York don tara musu taimako. Ravi da Ali Akbar suka buɗe wasan, ɗaya da sitar, ɗaya da sarod. Ƙasar haihuwar malaminsu suka yi wa aiki, shi kuwa yana da rai a Maihar. Ravi ya rasu a 2012.

Annapurna Devi ta daina fita wasa gaban jama'a. Ta zamna cikin gidanta a Bombai tana koyarwa kamar ubanta. Cikin almajiranta akwai Hariprasad Caurasiya, shahararren mai sarewa. Ta rasu a 2018.

Masu bin hanyar Baba, gidan Maihar a ke kiran su, ko da ba su haɗa jini da shi ba. Ƙungiyar da ya kafa da marayu ta ɗore bayansa, kuma an riƙa yin bukin kiɗa a Maihar shekara-shekara don tunawa da shi. A Brahmanbariya an ajiye wasu kayansa a wata makarantar kiɗa mai sunansa. A 2016 masu tarzoma suka auka wa wurin suka ɓata kayan, a 2021 kuma aka sa masa wuta. Amma raga da darussan da ya koyar suna nan a yatsun almajiran almajiransa, a Indiya da Bangaladash da Turai da Amurka. Da ya yi rowa irin wadda aka yi masa, da tuni an bizne su tare da shi.

Ma'anar kalmomi

Raga: tsarin muryoyi da makaɗin Indiya ke bi.
Sarod: abin kiɗa mai tsirkiyoyin ƙarfe, da fata a ciki, da ƙarfe a wuya.
Sitar: abin kiɗa mai dogon wuya, wanda a ke yin cikinsa da duma.
Annoba: ciwon da ke kama mutane da yawa lokaci guda.
Magaji: wanda ya karɓi abin da wani ya bari.
Jimiri: daurewa a kan wahala.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa ƙauyen Shibpur ya ke yau? Ku neme ta a taswira.
2. Wane sharaɗi Nulo Gopal ya kafa wa Alauddin? Shekara nawa ya yi wurinsa?
3. Me ya sa Wazir Khan ya canza hali?
4. Da me aka yi nal tarang? Don me dogon bututu da gajere ba su da murya ɗaya?
5. Yaya aka yi Baba ya fara koya wa Annapurna?
6. Daga zuwansa Maihar har rasuwarsa, shekara nawa ke nan?
7. Wane hali na Baba ya kamata a yi koyi da shi? Wanne ne bai kamata ba? Ku faɗi dalili.

Aiki

Ku tafi wurin wani mai molo, ko mai goge, ko mai gurmi na garinku. Ku tambaye shi wurin wa ya koya, shekara nawa ya yi yana koyo, da ko yana da wanda ya ke koya wa yanzu. Ku rubuta abin da ya gaya muku cikin layi 10.